Wata huɗu da adaftar USB mai haɗa laftof da ƙarin allo

Aikina gyaran rubutu ne, kuma yakan buƙaci in baje takardu biyu ko uku a gabana a lokaci guda. Laftof ɗina ramin HDMI ɗaya gare ta, na kuwa riga na jona allo a cikinsa, saboda haka da na so ƙara wani sai na sayi ƙaramar adafta mai karɓar USB ta fitar da HDMI. Yau wata huɗu ke nan ina amfani da ita, kuma na gamsu, amma ban kai ga gamsuwar ba sai da na sha wuyar mako guda.

Ranar farko allon ya tsaya baƙi ƙirin yana cewa babu sigina. Na sauya kebul, na kashe kwamfutar na kunna, duk a banza, domin na ɗauki adaftar tamkar waya ce kawai da hoto ke bi ya wuce. Ashe ba haka ba ne. Ramin USB na gargajiya mai kusurwa huɗu ba ya fitar da hoto da kansa. Wata manhaja ce a cikin kwamfutar take ɗaukar abin da ya kamata ya bayyana, ta matse shi, ta tura shi a matsayin bayanai, sannan guntun da ke cikin adaftar ya warware shi ya miƙa wa allo. Muddin ba a saka wannan manhajar direba ba, babu abin da zai fito. Da na sauke ta daga shafin kamfanin, na danna maɓallin Windows tare da harafin P na zaɓi faɗaɗa allo, nan take hoto ya bayyana.

Sai dai hoton ya fito dishi-dishi, haruffa sun kumbura, girman ya maƙale a 800 da 600 ya ƙi motsawa. Wannan ce matsalar da ta fi cin lokacina, kuma laifin nawa ne, domin na jona adaftar ta cikin wani tsohon marabin USB, wato na'urar da ke raba rami ɗaya zuwa ramuka da yawa, wanda linzami da allon rubutuna suke kai. Marabin na USB 2.0 ne, wanda iyakar gudunsa megabit 480 a daƙiƙa, alhali USB 3.0 yana kaiwa gigabit 5. Hoto mai girman 1920 da 1080 da ke sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana buƙatar kusan gigabit 3 idan ba a matse shi ba, don haka ba abin mamaki ba ne ƙaramar hanya ta gaza ɗaukarsa. Ina cire adaftar na soka ta kai tsaye a ramin laftof mai shuɗin ciki, wato na USB 3.0, sai cikakken girman ya samu. Abin da ya ɓata mini rai shi ne takardar da ta zo cikin kwalin ba ta yi bayanin wannan ba ko da layi ɗaya.

Bayan haka allon ya riƙa ɗaukewa idan kwamfutar ta yi barci ta farka, tagogin da na jera su koma wuri guda. Na gano cewa akwai zaɓi a saitin wuta da ke ba kwamfuta damar dakatar da ramukan USB domin tanadin batir, kuma tun da na kashe shi matsalar ta ragu ƙwarai, ko da yake nakan cire adaftar in mayar jefi-jefi.

Akwai iyakar da babu saitin da zai kawar da ita. Tunda kwamfutar ce ke aikin matse hoton, bidiyo yakan ɗan yi tsalle-tsalle a wannan allon, fanka ta ɗaga murya, linzami ma ya ɗan yi nauyi. Na daina kallon bidiyo a kansa, na mayar da shi wurin takardu, ƙamus da wasiƙu, inda ba na ganin wani bambanci tsakaninsa da allon da ke kan HDMI. Mai wasannin kwamfuta ko mai tace bidiyo ba zai ji daɗinta ba.

Wanda laftof ɗinsa ke da ramin USB-C kuwa, ya fara duba bayanan na'urarsa ya ga ko ramin yana fitar da hoto na DisplayPort, wato wani tsarin aika hoto zuwa allo kamar HDMI, domin ba kowane USB-C ke yin haka ba duk da kamanninsu ɗaya. Idan yana yi, kebul mai sauƙi ya wadatar, babu direba kuma babu jinkiri. Tawa ba ta da shi, shi ya sa adaftar take nan a jone har yanzu.