Tabarmar waya ko shimfiɗa mai gurabe a ƙarƙashin tayil

Malam, ka tambayi wanne ya fi dacewa a sa a ƙarƙashin tayil don ɗumama daɓe da lantarki, tabarmar waya ko shimfiɗa mai gurabe. Tun da banɗakin naka a saman bene yake kuma daɓensa katako ne, ka sayi shimfiɗar roba mai gurabe, wadda ake danna wayar ɗumama a cikinta, ka bar tabarmar waya, wato ragar da ke zuwa da wayar ɗumama a manne a jikinta, ga masu daɓen kankare. Duka biyun suna gidana a nan Manchesta, ɗaya a banɗaki ɗaya a kicin, kuma ɗaya ce kaɗai ban taɓa yin da-na-sani a kanta ba.

Dalilin yana cikin katakon ne. Tsofaffin gidajen Ingila a kan gungumen katako aka shimfiɗa benensu, katako kuwa yana kumbura yana tsukewa gwargwadon laima, tayil kuma ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Idan aka ƙara musu wayar da ke ɗumama daɓen da asuba ta bar shi ya huce da hantsi, kullum sai an ja an saki, har wata rana tayil ya tsage ko simintin tsakaninsa ya fara zubewa. Shimfiɗar tana shiga tsakani ne, katako ya yi motsinsa a ƙasa ba tare da ya ja tayil ba. Tawa Ditra-Heat ce ta kamfanin Schlüter na Jamus, kaurinta milimita 5.5, akwai kuma DCM-Pro ta Warmup mai irin wannan tsari. Wayar tana nutsewa cikin gurbi, saboda haka haƙoran cokalin mai sa tayil suna wucewa ta samanta, kuma ba sai an zuba simintin daidaitawa an jira ya bushe ba. Da hannuna na zagaya da wayar gefen masai da gindin wurin wanke hannu cikin yamma ɗaya, abin da tabarma ba ta yarda da shi cikin sauƙi.

Shekarar da muka gama aikin mahaifiyata ta zo daga Zariya a watan Janairu, kuma ba abin da take tsoro kamar alwalar asuba. Na saita na'urar daidaita zafin daɓen ta kunna kanta rabin sa'a kafin lokacin salla, ban gaya mata ba. A kwana na uku ta kira ni gefe ta tambaye ni ko wani abu ne ke ci a ƙarƙashin benen, da na yi mata bayani kuwa sai ta daina shiga da silifa, har ta koma gida tana ba maƙwabta labarin banɗakin da ke da murhu a ƙasa. Hunturu shida ke nan, ban ga tsaga ko ɗaya ba.

Tabarmar waya ta fi araha, kuma a ɗaki mai kusurwa huɗu da daɓen kankare tana aikinta, wannan ba zan hana ta ba. Amma ta kicin ɗina, wanda na ɗauka ya shafa gam kai tsaye a kanta da cokalin ƙarfe ya yanki wayar, bayan mako uku wuta ta fara katsewa, sai da aka kawo mai kyamarar gano zafi aka fasa tayil uku. In ka nace a kanta, dole ka manna allon tare zafi na milimita 6 ko 10, ka lulluɓe wayar da simintin daidaitawa, ka jira ya bushe, daga nan kuma arahar ta tafi, daɓen ma ya yi tudu a bakin ƙofa.

Sai dai kada ka ɗauka shimfiɗar za ta gyara benen da ke rawa. Ka taka ko'ina, inda ya yi ƙara ko ya lotsa a ɗaure shi da sukurori bayan an tabbatar ba bututun ruwa a wurin, in katakon siriri ne a ƙara masa wani allo a sama. Ka ɗora miƙaƙƙiyar sanda ta mita 2, kada ramin da ke ƙarƙashinta ya wuce milimita 3. A share ƙura tas, a shafa ruwan share fage da kamfanin gam ɗin ya ce, sannan a manna shimfiɗar. Gam ɗin, na ƙasa da na sama, ya kasance mai sassauci wanda aka rubuta S1 a buhunsa, a bar 'yar tazara tsakanin tayil da bango a cike ta da silikon maimakon siminti.

Wayar ɗumama ba a yanke ta, ba a gajarta ta, ba a ɗora wata a kan wata, kuma ba a bi da ita ƙarƙashin baho ko masai ko kabad da ke zaune daram a ƙasa, domin zafin zai taru ya ƙona ta. Saboda haka ka auna filin da ƙafa ke takawa kawai, ka sayi wayar da ta ɗan gaza shi, gara ta gaza da ta yi saura. Ma'aunin zafin daɓe a zura shi cikin siririn bututu a tsakiyar layuka biyu na waya, ni har na biyu na binne na ajiya, tun da kuɗinsa kaɗan ne, fasa tayil kuwa ba kaɗan ba ne. A gwada wayar da mitar gwaji sau uku, lokacin da aka fito da ita daga kwali, bayan an shimfiɗa ta, da bayan an gama tayil, a rubuta lambobin a takardar garanti. Da na yi haka a kicin, da a ranar aka gano ɓarnar, mai aikin yana tsaye. Bayan an gama kada a kunna sai an yi aƙalla kwana 7, wasu masu gam ma 14 suke cewa, sannan a riƙa ƙara zafin kaɗan-kaɗan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da waya mai arha a intanet, wadda ba sunan kamfani, ba alamar cika ƙa'ida ta CE ko UKCA, ba takardar da ta nuna adadin ohm da ya kamata mita ta karanta. Wasu suna rubuta wat 200 a kwali alhali wayar ba ta kai ba, in ta lalace kuma shagon ya sauya suna. Haka nan masu cewa su ne magina su ne masu wuta. Tun 2005 sashen Part P na dokar gini ya shafi aikin lantarki a gidajen Ingila, banɗaki kuma yana cikin wuraren da aka fi tsanantawa. Haɗin ƙarshe na mai wuta ne da ke da rajista da NICEIC ko NAPIT, ƙungiyoyin da ke tantance masu aikin lantarki, ta na'urar RCD mai katse wuta a miliamp 30, kuma ya ba ka takardar shaida, wadda lauyan mai saye zai nema ranar da za ka sayar da gidan. Ka duba lambar rajistarsa da kanka kafin ka ba da kafin alƙalami.

Batun kuɗin wuta, murabba'in mita 4 a kan wat 150 wat 600 ke nan, wato bai kai yunit ɗaya a sa'a ba, kuma na'urar tana kashewa tana kunnawa idan daɓen ya ɗauki zafi. Amma yunit ɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu a ƙasar nan, don haka kada ka cire hitar tawul ɗin da ke bango, ka saita daɓen ga asuba da bayan isha kawai.