Gargaɗi kan batirin litiyam na jabu da ake tallatawa ga masu babur da raksha

Assalamu alaikum, 'yan'uwa Hausawan Sudan, musamman matasanmu masu sana'ar babur da raksha (babur mai ƙafa uku) a Gadarif, Kasala da Sinnar. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 man fetur ya yi tsada, wani lokacin ma ko da kuɗi a hannu ba a samunsa, shi ya sa da yawa suka koma babur mai aiki da lantarki, wasu kuma suka cire tsohon batir mai ruwa suka sa na litiyam. 'Yan damfara sun ga wannan ƙofa. Suna tallata batura a Facebook da WhatsApp a kan farashin da bai kai rabin na shago ba, suna rantsuwa cewa sabon kaya ne da aka sauke a Fot Sudan, sai dai a tura kafin alƙalami ta manhajar banki ta Bankak kafin a ɗora wa mota.

Wanda ya karɓi kuɗi ya kashe waya, ɓarnarsa ta tsaya a aljihu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai aiko da kayan. Wani mai gyaran lantarki a unguwarmu ya farke ɗaya daga cikin irin waɗannan batura a gabanmu, an naɗe shi da shuɗiyar roba, an rubuta volt 72 da Ah 40 a jikinsa. A ciki ƙwayoyin batirin launi-launi ne, kore da ja da ruwan hoda, wasu da tabon tsohuwar walda, alamar daga matattun baturan kwamfuta aka tsinto su. An cusa guntun ƙarfe da soso a gefe domin nauyi ya cika. Wasu ƙwayoyin an buga musu mAh 9,900 a matsayin yawan cajin da suke ɗauka, alhali ta gaskiya a irin wannan ƙwayar da ake kira 18650, ko daga manyan kamfanoni irin su Samsung da Panasonic ta fito, ba ta wuce 3,500 da wani abin kirki, kuma nauyinta wajen giram 45 ne.

Babban ha'incin yana wajen allon kariya da ake kira BMS. Aikinsa shi ne ya sa ido kan kowane rukunin ƙwayoyi, ya yanke caji da zarar ɗaya ya kai volt 4.2, don haka dole siraran wayoyi su fita daga gare shi zuwa kowane rukuni. A wannan batirin an manna allon ne kawai, wayoyin suna lilo. Idan aka haɗa tsohuwar ƙwaya da mai sauran ƙarfi, tsohuwar ce ke fara cika, caja kuma ta ci gaba da tura mata wuta har ta ɗau zafi ta fashe, ta kunna ta kusa da ita, haka har batirin ya ƙare.

Sai kuma cajar da suke bayarwa kyauta, wadda galibi ta batir mai ruwa ce. Batirin volt 72 mai rukuni 20 a volt 84 yake cika, cajar mai ruwa kuwa takan kai wajen 88. Wani nau'in litiyam da ake kira LiFePO4 mai rukuni 24 shi ne ke cika a 87.6. Duk mai sayarwar da ya kasa faɗa maka nau'in batirinsa da inda cajinsa ke tsayawa, ka bar masa kayansa.

Halin da muke ciki yana ƙara haɗarin, domin sau da yawa cikin dare ake dawo da wuta, sai mutum ya jona babur a zaure ko a bakin ƙofar ɗaki saboda tsoron ɓarayi, ya koma barci. Ba a so a yi wa litiyam caji a zafin da ya haura digiri 45, kuma kowa ya san yadda ɗakin kwano yake a watan Mayu, balle batirin da aka dawo da shi daga aiki yanzu-yanzu. Idan ya kama da wuta, wutar ba ta mutuwa don an rufa mata bargo, hayaƙinta guba ne, tana kuma iya sake tashi bayan sa'o'i. A birnin Niyok na Amurka, duk da ƙarfin 'yan kwana-kwanarsu, gobarar irin waɗannan batura ta kashe mutum 18 a shekarar 2023.

Kada ka tura ko sisi sai ka ga batirin da idonka, ka je da mai gyaran da ka yarda da shi ya auna shi, a ɗora a babur a yi tafiya mai nisa da shi, tunda nauyi kaɗai ba shaida ba ne. Wanda kuma ya riga ya saya, idan ya ga batirin ya kumbura, ko yana zafin da hannu ba ya jurewa, ko yana fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ya cire caja nan take, ya fitar da shi fili nesa da danni da yara, kada ya jefa shi a juji. Ya adana lambar tura kuɗin da hotunan hirarsu da mai sayarwar, ya kai wa 'yan sanda.