Ganuwar Hadrian: a bi ta da ƙafa ko a hau keke?

Malam, tambayarka ita ce: kana da hutun mako guda a arewacin Ingila, kana son ganin tsohuwar ganuwar Rumawa da wuraren da ke gefenta, to wacce za ka bi, hanyar 'yan ƙafa ko ta masu keke? Da yake sunansu kusan ɗaya ne, mutane na ɗauka hanya guda ce. Hanyoyi biyu ne daban, kuma abin da kowacce za ta nuna maka ya sha bamban.

Ita ganuwar, Sarkin Rum Hadrian ne ya sa aka fara gina ta a shekara ta 122 miladiyya. Tsawonta kimanin kilomita 117, ta ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma. Hanyar ƙafa, wadda aka buɗe a 2003, kilomita 135 ce daga Wallsend kusa da Newcastle zuwa Bowness-on-Solway, kuma yawanci kwana shida ko bakwai ake yi a kanta. Ta keke, mai lamba 72, ta kusa kilomita 280. Tana tasowa daga Ravenglass a bakin tekun yamma ta ƙare a South Shields, mai ɗan ƙwari kan gama ta cikin kwana uku zuwa huɗu.

Idan ganuwar kanta ce ta kawo ka, ƙafa ta fi, nesa ba kusa ba. A tsakiyar ƙasar, daga Chollerford zuwa Gilsland, ginin ya hau kan wasu duwatsu masu gangare, yana hawa yana sauka tare da su, kuma ba a yarda keke ya bi nan ba. A wannan yankin ne za ka tarar da Chesters, wani sansanin Rumawa, inda gidan wankan sojojin doki yake tsaye a bakin kogi har yau, sai ƙaramin ɗakin bautar Mithras, wani abin bautar sojojin Rum, a Carrawburgh, sai Housesteads, sansanin da ya fi kowanne cika ido. A Housesteads kana iya bin harsashin ɗakunan kwana, rumbunan hatsi, asibiti, har da bayan gida na gayya wanda ruwa ke bi ta ƙarƙashinsa yana wanke shi. Wannan bayan gidan ya fi burge ni a kan ƙofofin yaƙi, don shi ne ke nuna maka cewa mutane ɗari takwas sun yi zaman yau da gobe a kan dutsen nan cikin sanyi da iska. Gaba kaɗan akwai Sycamore Gap, kwarin da wata shahararriyar bishiya take tsaye a jikin ganuwar kafin a sare ta da dare a watan Satumbar 2023. Kututturen na nan, ya ma fara toho. Daga nan sai Winshields, ƙololuwar hanyar, mita 345.

Amma a faɗi gaskiya, kwanakin farko da na ƙarshe na hanyar ƙafa ba su da ganuwa sosai. Ta gabas, bayan tawayen da ya taso daga Scotland a 1745, an shimfiɗa titin soja a kan ginin, aka farfasa duwatsunsa aka yi ciko da su, don haka za ka wuni kana tafiya gefen kwalta, abin da za ka gani bai wuce gwalalo ba. Ta yamma kuma manoma da magina sun kwashe duwatsun tun da daɗewa. Mai ƙafa yana biyan kwana uku ko huɗu na gonaki da tumaki kafin ya ci moriyar kwana biyu ko uku na tsakiya.

Nan ne keke ke da bakin magana. Hanyar keke tana kauce wa duwatsun ta bi kwari, shi ya sa take shiga garuruwan da mai ƙafa ke bari a kudu da shi. Corbridge na kan hanyarta, inda ake taka ainihin titin garin Rumawa. Haka Hexham, mai tsohuwar majami'a wadda ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa tun ƙarni na bakwai yake, kuma da duwatsun Rumawa aka gina shi. Hanyar tana bi ta Vindolanda, wani sansanin Rumawa kudu da ganuwar, wanda a wurina shi ne wurin da bai kamata kowa ya tsallake ba. A can ne a 1973 aka fara tono siraran allunan katako masu rubutun tawada, cikinsu har da wasiƙar wata mata, Claudia Severa, tana gayyatar ƙawarta bikin ranar haihuwarta wajen shekara ta 100. Ƙasar wurin mai danshi ce, iska ba ta shiga, shi ya sa fata da katako ba su ruɓe ba, takalman fata kaɗai an tono dubbai. Mai ƙafa ma zai iya zuwa, sai dai ya sauka daga hanya ya yi ratse.

Farko da ƙarshen hanyar keke ma ba fanko ba ne. A Ravenglass akwai bangon gidan wanka na Rumawa da ya fi mutum tsayi sosai, a South Shields kuma akwai sansanin Arbeia, inda dutsen kabarin wata mata mai suna Regina yake. Mijinta Barates mutumin Palmyra ne ta ƙasar Sham, ya sa aka rubuta alhininsa da Latin da kuma harshen garinsu. Hanyoyin biyu duk suna ratsa Burgh by Sands, inda wata rundunar sojoji daga Arewacin Afirka ta yi zama a ƙarni na uku, sannan duk suna bi ta Birdoswald, inda mai keke zai samu doguwar ganuwa a gefensa.

Da ni ne, da mako guda a hannu, ba zan bi ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Zan sauka a Hexham ko Haltwhistle, in ba wa tsakiyar ganuwar kwana uku da ƙafa, in ware yini guda cur don Vindolanda, ragowar kwanakin in ɗauki hayar keke zuwa Corbridge da South Shields. Akwai motar bas mai lamba AD122 da ke zirga-zirga tsakanin manyan wuraren tsakiya, za ta mayar da kai masauki idan ƙafa ta gaji. In kuwa gwiwa na damunka, ka tsaya ga keke, don hawa da saukar da ke tsakanin Housesteads da Walltown ba ƙarami ba ne.

Ka je tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da ƙasa ta bushe, domin tattaki cikin laka na lalata abin da ke binne. Kada ka hau kan ganuwar. In keke za ka bi, ka taso daga yamma, iska ta fi kaɗowa daga can, sai ta zama tana tura ka ta baya.