Yaron Computer Village da ya tashi manhajar lissafinmu

Ni ke riƙe da lissafin rumfarmu ta albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas: buhu nawa ya sauka daga Aliero, wa ya ɗauka bashi, wa ya biya. Da wata 'yar manhaja da muka sa aka rubuta mana nake yi, a tsohuwar laftof mai Windows 7 wadda rabin haruffanta sun goge don dannawa. Bayan babbar sallah wanda ya rubuta ta ya turo sabuwa. Na saka, na danna, sai ƙorafin wani fayil na dll (irin fayilolin da manhaja ke dogara da su) ya fito, ta ƙi buɗewa. Da na kira shi, cewa ya yi in sayi sabuwar kwamfuta. Kamar kuɗin a bakin titi ake tsintarsu.

Wani maƙwabcina ya haɗa ni da wani yaro ɗan Agege mai ɗan shago a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja. Ya karɓi filashin da asalin rubutun manhajar ke ciki, ya duba bai fi minti goma ba, ya ce, "Baba, injinka lafiyarsa lau. Da Qt 6 aka gina wannan, shi kuwa ba ya zama a Windows 7."

Qt, yadda ya fahimtar da ni, shi ne kayan da ake ƙera tagogi da maɓallan manhaja da su. Na 5 ya fito a 2012, na 6 a ƙarshen 2020, kuma daga Windows 10 ya fara. Abin da ya burge ni shi ne bai ce mu koma tsohuwar manhajar mu haƙura ba. Ya gyara rubutun yadda zai ginu a kan Qt 5.15 da kuma na 6, inda suka saɓa ya sa sharaɗi: in wannan ne bi nan, in wancan ne bi can. Ya ce sa'armu ɗaya, wani sashen Qt mai suna QRegularExpression aka yi amfani da shi wajen binciken sunaye, wanda dukansu biyu sun san shi. Yanzu tana aiki a tawa, tana aiki a sabuwar ta ɗan wana.

Amma fa akwai jan rai. Kwana uku ya ce, sai da aka yi tara, wayarsa kuma sai ka kira sau biyar. Sau biyu ina shan cunkoson Ketu a banza. Rasit ɗin farko ma da ya fito, sunan mai saye ya hau kan lambar kuɗi, sai da na koma.

Abin da ya karɓa bai kai kuɗin buhun albasa ɗaya ba. Da zan fito ya ja kunnena cewa tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da Windows 7, kada in ƙara jona ta da intanet. Ya ma kashe wayafai (Wi-Fi) ɗin da hannunsa, ya manna takarda a murfin.