ImgBurn: tsohuwar manhajar naɗa fayil ɗin ISO a faifai

Duk wanda ya taɓa saukar da tsarin Linux ko Windows daga intanet ya ci karo da fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai sukutum, da fayilolinsa da jerinsu da ɓangaren da ke tayar da kwamfuta, duk a dunƙule wuri ɗaya. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su jawo fayil ɗin su jefa a faifai kamar yadda ake kwafar hoto, sai faifan ya fito ɗauke da fayil guda, kwamfuta kuma ta ƙi tashi da shi. Abin da ake buƙata shi ne manhajar da za ta shimfiɗa abin da ke cikin kwafin a kan faifan daki-daki, kuma a wannan aiki ImgBurn na fi amincewa da ita.

Kyauta ce, an yi ta domin Windows, kuma sigarta ta ƙarshe, 2.5.8.0, ta fito tun shekarar 2013. Ban da ISO tana karɓar wasu nau'o'in fayilolin kwafin faifai irin su BIN da CUE da IMG da NRG, tana kuma naɗawa a faifan CD mai megabait 700, da DVD mai gigabait 4.7, da DVD mai hawa biyu mai 8.5, har da Blu-ray.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne ba ta ɓoye wa mutum komai. A ƙasan allonta akwai wata 'yar taga da take rubuta duk abin da ke gudana layi bayan layi: sunan na'urar, lambar masana'antar da ta ƙera faifan, saurin da faifan zai iya ɗauka, da wurin da aka samu tangarɗa idan an samu. Wannan lambar masana'anta tana da amfani ƙwarai, domin sunan da aka buga a bayan faifai sau da yawa ba na wanda ya ƙera shi ba ne. Idan ta gama naɗawa, matuƙar an zaɓi tantancewa, sai ta turo tiren faifan waje ta mayar da shi, sannan ta karance faifan daga farko har ƙarshe tana gwada shi da fayil na asali. A kwamfutar tafi-da-gidanka tiren ba ya komawa da kansa, sai mutum ya tura da hannu. Mintunan da wannan ke ci ba asara ba ne, domin faifan da ya lalace a tsakiya ba ya nuna alama sai ana tsakar girka tsarin kwamfuta. Ni dai a kan DVD nakan rage saurin zuwa 4x ko 8x ko da an rubuta 16x a jikinsa.

Wani wurin da ta yi fice shi ne DVD mai hawa biyu, inda take bai wa mutum damar zaɓar wurin da hasken leza zai tsallaka daga hawa na farko zuwa na biyu. Girman fayil ɗin Windows 11 ya wuce abin da DVD na yau da kullum zai ɗauka, saboda haka faifai mai hawa biyu ya zama dole ga mai son naɗa shi a DVD.

Tana da nata rauni. Shafin saitunanta ya cika maƙil har yana iya ruɗa sabon shiga, kuma an san cewa fayil ɗin girka sigar ƙarshe ya zo da tallan wasu manhajoji, don haka wajibi ne a karanta kowane mataki kafin a danna. Wanda zai naɗa faifai ɗaya tak a shekara, abin naɗa ISO da ke cikin Windows tun daga Windows 7 ya ishe shi, shi ma yana da zaɓin tantancewa. Amma mai gyaran kwamfuta, ko mai adana muhimman bayanai a faifai, wanda ke son sanin dalilin da ya sa faifai ya lalace idan ya lalace, ImgBurn nake ba shi shawara ya girka.