Bleak House ko Great Expectations, wanne za ka fara?

Duka littattafan biyu Charles Dickens, marubucin Ingila, ne ya rubuta. Bleak House na 1853 rigimar gado ce ƙashin bayansa, shari'ar Jarndyce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kotun Landan, Richard, ɗaya daga cikin masu neman gadon, ya zauna jiran rabonsa har ya lalace, ƙarshe kuɗin shari'a suka lamushe gadon kaf, shi kuma ya mutu. Sai dai littafin kauri gare shi, ga mutane rututu.

Great Expectations na 1861 ya fi saurin shiga. Pip maraya, kuɗi suka faɗo masa, ya ɗauka wata attajira Miss Havisham ce ta ba shi ashe Magwitch ne, fursunan da ya taɓa kai wa abinci yana yaro. Abin haushin, daga samun kuɗi ya fara jin kunyar Joe maƙeri, mijin yayarsa. Ni dai ka fara da wannan.