Manhajar simpleks ta waya: giraf mai kyau, amsa mai ramar da kaji

Manhajar nan ta warware lissafin liniya furogiramin (lissafin neman riba mafi yawa ko kuɗi mafi ƙanƙanta a ƙarƙashin wasu sharuɗɗa) da ake ta tura wa ɗaliban lissafin kasuwanci, wadda ake biyan kuɗinta wata-wata, sati uku na yi ina aiki da ita. Da an tambaye ni a satin farko, tauraro biyar zan ba ta. In lissafin neman riba mafi tsoka ne, da abubuwa biyu, kuma sharuɗɗan duk na "kada ya wuce" ne, ba ta da makusa. Tana zana layukan, ta shafa wa yankin da ya halatta launi, ta lissafa ribar kowace kusurwa, sannan ta jero jadawalin simpleks, wato hanyar warware irin wannan lissafi mataki-mataki, ɗaya bayan ɗaya, har da nuna layi da ginshiƙin da ta juya a kansu. Ɗalibin da ke rikicewa wajen raba lambobin dama da na ginshiƙi don gano layin da zai fita zai ƙaru sosai.

Haɗin abincin kaji ne ya tona mata asiri. Ga abin da na saka, kowa ya gwada da kansa. Ana son kilo 100 na abincin buroila daga abubuwa uku: masara mai furotin kashi 9 cikin ɗari, waken soya da aka tatse mansa mai kashi 44, da dusar alkama mai kashi 16. Farashin misali na sa: masara naira 600 kilo, soya 1,000, dusa 300. Sharuɗɗa uku ne. Jimla ta zama kilo 100 cif, dusa kada ta wuce kilo 15 tunda yawanta yana rage wa abincin ƙarfi, furotin kuma kada ya gaza kilo 20. Abin nema shi ne haɗin da ya fi araha. Na san haɗin gaske sai an ƙara sharaɗin kuzari da kalsiyam da laisin da gishiri da firimis, da gangan na taƙaita shi don a iya bi da biro.

Ko daƙiƙa biyu ba ta yi ba ta kawo amsa: masara kilo 85, dusa kilo 15, soya sifili, kuɗi naira 55,500. Har da koren rubutu wai an samu mafita mafi kyau.

To a lissafa. Masara kilo 85 tana ba da furotin kilo 7.65, dusa kilo 15 tana ba da 2.4, jimla 10.05. Rabin abin da aka nema ke nan. Mai kiwon da ya yarda da wannan ya kai injin niƙa, abinci zai ƙare kaji ba su yi nauyi ba, shi kuwa yana ta zargin ƴan tsakin da aka sayar masa.

Amsar gaskiya ita ce dusa kilo 15, soya kilo 28.43, masara kilo 56.57, kuɗi naira 66,871. Bambancin naira dubu goma sha ɗaya da ɗoriya da manhajar ta nuna kamar ragi ne, soyar da ta cire ce kawai.

Jadawalin farko na buɗe na ga inda gizo ke saƙa. Sharaɗin "kada ya wuce" ana mayar da shi daidaito ta hanyar ƙara masa gurbin saura, wato harafin da ke wakiltar abin da ya rage kafin a kai iyakar, mai alamar tarawa. Na "kada ya gaza" kuwa akasin haka ne: gurbin rara ake ɗebewa, sannan a ƙara wani gurbi na wucin gadi don a samu wurin farawa, daga baya a kore shi, ko ta hanyar babban M inda ake ɗora masa tsada mai yawan gaske, ko ta hanyar zango biyu. A layin furotin manhajar ta sa +1 inda ya kamata a ga −1. Wato a fuskar waya alamar "kada ya gaza" ce, a cikin lissafi kuwa ta juya ta. Shi ya sa jadawalin ƙarshe ya nuna saura 9.95, wanda shi ne daidai giɓin furotin da kajin za su rasa. Na gwada dabarar da aka saba, na ninka layin gaba ɗaya da −1 don alamar ta juya. Sai ta ƙi karɓar −20 a hannun dama, wai lambar ba ta dace ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, irin wannan lissafin ba baƙo ba ne. George Dantzig ya fito da simpleks a 1947, kuma ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa na farko a Amurka shi ne lissafin abinci mafi araha na George Stigler: kayan abinci 77, sinadarai 9, sharuɗɗan duk na "kada ya gaza". Ma'aikata tara da injinan lissafi na kan tebur suka warware shi, aikin da ya ci kimanin kwanakin aiki 120 in an haɗa na dukansu. Abin da aka yi da hannu tun wancan zamani, yau wayar da na biya wa kuɗi ta kasa.

Da Solver, sashen manhajar Excel mai warware irin wannan lissafi, na tabbatar da amsata. Ana kunna shi ta File, Options, Add-ins, a zaɓi Simplex LP a maimakon GRG Nonlinear da yake zuwa a kai, a tabbatar akwatin hana lambobi sauka ƙasa da sifili yana da alama. Rahotonsa na Sensitivity, mai nuna yadda kuɗi zai canza in an taɓa wani sharaɗi, ya ba da abin da manhajar ba ta ma san da shi ba: ƙara furotin daga kashi 20 zuwa 21 zai ci naira 1,143 a kowane kilo 100, kuma duk ƙarin kilo ɗaya na dusa da aka ƙyale ya shiga yana rage naira 380. Dalili kuwa, kilo ɗaya na dusa yana maye gurbin giram 800 na masara da giram 200 na soya, waɗanda kuɗinsu 680 ne. Ke nan dusa tana da riba a haɗin har sai kilonta ya kai naira 680. Irin lambar da mai gona zai riƙe ya shiga kasuwa da ita ke nan.

Bayan na huce na ce to, a bar ta a matsayin abin koyon giraf, tauraro uku. Sai na tuna da maɓallinta na cikakkun lambobi, na lissafin da amsarsa ba ta karɓar rabi ko kwata. Ga misalin da na saka mata. Kafinta yana da falanki 32 da kwana 6, tebur yana cin falanki 7 da kwana ɗaya a kan ribar naira 10,000, benci falanki 4 da kwana ɗaya a kan 6,000. Simpleks zai ba da tebur 2.67 da benci 3.33. Manhajar ta cike su zuwa uku-uku, wanda ke buƙatar falanki 33, alhali 32 ne a shago. Amsar da ta dace tebur 4 da benci 1, riba naira 46,000, kuma ba a isa gare ta da cikewa, sai an rarraba lissafin reshe-reshe ana zubar da rassan da ba su da amfani.

Na tura wa masu manhajar hoton jadawalin da bayanin alamar da ta juye. Amsar da ta dawo ta inji ce, wai in goge manhajar in sake saukewa. Na sake, har yanzu 55,500 take ba ni. Tauraro biyu, albarkacin giraf ɗin. Wanda ya riga ya biya ya shiga ya kashe sabunta biya kafin wata ya cika, don da kanta take cira.